Hanyar Lafiya da Tsadarta: Darasi Daga Bahar Maliya



An umurce ni da in yi bayani a kan abin da ya sa kuɗin dakon kaya daga ƙasashen waje ya yi tashin gwauron zabo a shekarar 2024.

Tun da aka buɗe Mashigin Suwez a 1869, shi ne gajeriyar hanyar ruwa tsakanin Asiya da Turai. A watan Nuwamba na 2023, 'yan Huthi na ƙasar Yaman suka fara kai wa jiragen kasuwanci hari a Bahar Maliya, wadda ita ce ƙofar mashigin daga kudu. Kafin ƙarshen Disamba, manyan kamfanoni irin su Maersk da MSC suka karkatar da jiragensu, suka koma zagayowa ta ƙuryar kudancin Afirka. Hausawa sun ce hanyar lafiya a bi ta da shekara, to amma wannan lafiya da kuɗi ake sayenta.

Zagayen yakan ƙara kimanin kwana 10 a kowace tafiya, ga ƙarin mai, ga albashin ma'aikata. Babbar illar kuwa ita ce, jirgin da ya daɗe a teku ba ya dawowa da wuri ya ɗauki wani kayan. Sai jirage da kwantenoni suka yi ƙaranci, kuɗin dakon kwantena a manyan hanyoyin duniya ya haura ninki uku tsakanin Disamba 2023 da Yuli 2024. Ita kuma Masar, kuɗin shigarta daga mashigin ya faɗo daga kimanin dala biliyan 10 a 2023 zuwa kimanin biliyan 4 a 2024.

Wani zai ce ina ruwanmu, alhali kayan da ke zuwa Legas da Kwatano daga Sin tun asali ta kudancin Afirka suke biyowa? Amsa ita ce, kasuwar jiragen ruwa ɗaya ce. Da kamfanoni suka kwashe jirage da kwantenoni don cike giɓin hanyar Turai, sai dakon Afirka ta Yamma shi ma ya hau. Ɗan kasuwa ya ɗora ƙarin a kan mai shago, mai shago ya ɗora wa talaka.

Don haka ina ba 'yan kasuwarmu shawara uku. Na farko, a haɗa kai a cika kwantena ɗaya maimakon kowa ya yi ta kansa. Na biyu, a yi odar kayan azumi da Sallah da wuri, domin kayan da suka iso bayan Sallah jari ne a ɗaure. Na uku, kada a yanke farashi sai an san kuɗin dako.

Allah Ya albarkaci nemanmu, Ya ɗaukaka garinmu. Wassalamu alaikum.