MALAMIN GONA BA A GONA KAƊAI AIKINSA YA TSAYA BA

Bayanin da wani malamin gona mai ritaya ya yi wa manoma a Gidan Katta ta Ƙaramar Hukumar Illela.

Bayan yabo ga Allah da salati ga Manzonsa (S.A.W.), mai jawabin ya fara da tarihi. Ya ce a 1975 aka soma shirin raya aikin gona da rancen Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe, daga baya ya game jihohi, har da Sakkwato. A lokacin malamin gona na da ranakun zagayensa, ya zo da babur ya nuna tazarar shuka da yadda ake sa taki. A 1993 shirin Fadama ya shigo da injin ban ruwa da rijiyar burtsatse. Da kuɗin rancen suka ƙare sai zagaye ya ja baya, yau akwai matashin da bai taɓa ganin malamin gona a gonar ubansa ba.

Ya ce a Amurka, tun dokar 1914, kusan kowace gunduma na da ofishin malaman gona, kuma ba noma kaɗai suke koyarwa ba, har lambu da tattalin gida da zaman iyali. A ganinsa sun gane abin da muka bari, domin a gida ake cinye amfanin gona, a gida kuma ake ɓarnatar da shi.

Daga nan sai ya juya kan albasa, inda ya fi daɗewa. Ya ce wanda ke son ajiya kada ya cika mata takin yuriya a ƙarshe, ya yanke ruwa kamar mako biyu kafin cira, ya bari wuyanta ya bushe, sannan ya tsince masu rauni kafin ya zuba a rudu mai shan iska. Maƙwabtanmu na Galmi da haka suka yi suna. To amma, in ji shi, mafi yawa ba sa kaiwa ga ajiyar. Albasa na fitowa wajen watan Maris da Afrilu, lokacin da take arha, sai mai bashi ya iso. Manomi ya riga ya ci falle tun da rani don lefe ko kayan ɗakin ɗiyarsa, dole ya kai kasuwar Illela ya sayar yadda aka taya. Bayan wata shida ya ga albasar tasa a hannun wani da tsada.

Nan wuri ya yi tsit, don kowa ya san gidan da ake nufi.

Ya tunatar da cewa ayar da ta fi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi ta sauka, amma mu kan ji kunyar rubutawa har zumunci ya ɓaci. Ya shawarci magidanta su zauna da iyalinsu ranar da aka kai hatsi rumbu, a fitar da zakka, ɗaya bisa goma ga noman damina, ɗaya bisa ashirin ga na inji, a ware iri da abincin shekara, abin da ya saura shi ne na biki. Ya ce kada a raina matan gida, da yawa akuyarsu da adashinsu ke rufa asiri a watan Agusta.

Ya kuma ja hankali kan dogaro da iyaka. An rufe ta a Agustan 2019 har Disambar 2020, aka sake rufewa a Agustan 2023 har Maris ɗin 2024, kaya suka ruɓe a cikin motoci.

Wani dattijo ya tambaya, in dangin miji suka ƙi yarda a rage kayan ɗaki fa? Malamin ya ce wannan ba ta mutum ɗaya ba ce, sai hakimi da limamai sun sa baki. Aka tsayar da sake zama bayan girbin gero.