Tunawa Da Matuƙin Jirgin Da Ya Faɗi A Damasak

Mai girma Sarkin Hausawa, Malam Liman, shugaban ƙungiya, dattawan Sabo, iyayenmu mata, da samari.

Bayan gaisuwa, an ce in ɗan yi magana saboda ranar tunawa da 'yan mazan jiya, wadda ake yi kowace 15 ga Janairu, ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. To, ni ba soja ba ne, direban babbar mota ne da ya tsufa a kan hanya. Mutum ɗaya zan tuna mana da shi, da abokan aikinsa huɗu.

Da yawanmu mun san Damasak. Tana can ƙaramar hukumar Mobbar a Jihar Barno, a bakin kogin Komadugu, kana tsaye kana hango ƙasar Nijar. Ni kaina na sha ɗauko lodin tattasai daga can in sauke a kasuwannin nan na Kudu. A watan Nuwamba na 2014 Boko Haram suka kama garin, suka kwashe yara ɗaruruwa, sai a Maris na 2015 sojojin Cadi da Nijar suka ƙwato shi. Tun daga lokacin ni dai ban sake taka hanyar ba.

Ƙarshen 2018 ya yi wa sojojinmu zafi ƙwarai. An yi ɓarna a Metele cikin Nuwamba, aka kuma shiga Baga a ƙarshen Disamba. Ana cikin wannan hali, ran 2 ga Janairu 2019, aka kai wa Bataliya ta 145 hari a Damasak. Aka tashi jirgi mai saukar ungulu samfurin Mi-35M, ƙirar Rasha, don ya kai musu ɗauki. Irin wannan jirgi ba ya hayewa can ƙololuwa kamar jet. Ƙasa-ƙasa yake bi, inda harsashi ke iya kai masa, domin sai ya matso sannan zai bambance namu da abokan gaba. Ga shi kuma duhu ya fara. A wannan daren jirgin ya faɗi, ba wanda ya fita.

Matuƙin sunansa Fulait Laftana Perowei Jacob. Jama'a, a cikin Disambar 2018 aka ɗaura masa aure. Amarya ko wata ɗaya ba ta cika a ɗakinta ba. Tare da shi akwai mataimakinsa Fulait Laftana Kaltho Paul Kilyofas, da Saja Auwal Ibrahim mai kula da injin, da masu harbi biyu, Las Kofur Adamu Nura da Meshack Ishmael. An yi musu jana'iza a maƙabartar soja ta Abuja.

Ku sake sauraron sunayen nan. Perowei ɗan Kudu ne, daga yankin Neja Delta. Ba shi da gona a Damasak, ba shi da kawu a can. Amma mutanenmu ya je karewa, kuma da Auwal da Adamu a bayansa cikin jirgi ɗaya. Mu da muke zaune a ƙasar wasu, muna cin arziki da su, ya kamata wannan ya tsaya mana a rai. Abin da ke damuna shi ne, da zarar an ɗan sami saɓani a kasuwa ko a tasha, sai ka ji yaranmu suna cewa ai duk mutanen Kudu maƙiyanmu ne. Wallahi ba na jin daɗin wannan magana, kuma duk wanda na ji ya faɗe ta, labarin Perowei zan ba shi.

Ina roƙon shugabanni abu ɗaya. Akwai matan sojoji da suka rasa mazajensu a barikin da ke kusa da mu, wasunsu ma 'yan gida ne. A ware wani abu daga asusun ƙungiya, ko buhun shinkafa ne da atamfa, mata su kai musu da kansu, ba tare da an tambayi ƙabila ko addini ba. Ni na fara da buhu ɗaya, yana wurin ma'aji.

Allah Ya jiƙan 'yan'uwanmu da suka riga mu, Ya ba iyalan waɗannan bayin Allah biyar haƙuri. Malam Liman, bisimilla, a yi mana addu'a.