Kula da Batir da Cajar Kayan Sana'a: Jawabi ga 'Yan Batsari da Safana Mazauna Birane

 



Muna godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba mu wannan dama. Abin da aka nemi mu yi magana a kai ƙarami ne a ido, wato batir da caja, amma idan muka dubi yawan kuɗin da 'ya'yanmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas suke kashewa wajen aiko wa ƙannensu kayan sana'a, za mu ga ya cancanci a zauna a kansa. A yau kafinta a Batsari yana huda katako da inji mai batir, mai aski a Runka yana aiki da injin aski mai caji, manomi a Ruma ko Wagini ko Zakka yana goya injin feshi wanda ba a bugawa da hannu. Sau da yawa kafin shekara ta zagayo sai a ji an ce injin ya mutu, a jefa shi bayan ɗaki, yaro ya koma zaman banza. Alhali a mafi yawan lokuta injin lafiyarsa lau, batir ne ko caja aka yi wa sakaci.

Iri biyu na batir

Wajibi ne mu fara sanin cewa batiran da ke hannun mutanenmu iri biyu ne, kuma kowanne da halinsa. Na farko shi ne batir mai dalma da ruwan batir a cikinsa, dangin na mota da na babur, wanda yawancin injinan feshi suke amfani da shi, mai ƙarfin bolt 12. Na biyu shi ne batirin litiyam, wanda kamfanin Sony na Japan ya fara sayar da shi a kasuwa a 1991, kuma masanan nan uku da suka ƙirƙiro shi, Goodenough da Whittingham da Yoshino, suka sami kyautar Nobel a 2019. Shi ne ke cikin wayar hannu da injin huda katako da injin aski. Batirin injin huda mai bolt 18 ƙananan batura biyar ne a jere a cikin akwati guda, kowanne yana ba da kimanin bolt 3.6. Wanda aka rubuta wa bolt 20 shi ma biyar ɗin ne, an dai auna shi ne a lokacin da ya cika taf.

Sanin wannan bambanci shi ne tushen komai, domin cajar wannan ba ta yi wa wancan. Haka kuma cajar kamfani ɗaya ba lallai ta dace da batirin wani kamfani ba, ko da an matsa ta shiga.

Wutar da muke ba caja

Wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce, ta Amurka kuwa bolt 120. A jikin kowace caja akwai rubutun ƙarfin wutar da take ɗauka. Idan an rubuta 100 zuwa 240, za ta yi aiki a ko'ina. Idan kuwa 120 kaɗai aka rubuta, kamar yadda ake samu a kayan gwanjo da suka fito daga Amurka, to da zarar an jona ta a soket ɗinmu za ta ƙone nan take, sai dai in an haɗa ta da taransifoma mai rage wuta. Muna roƙon masu saye a kasuwannin birni su duba wannan rubutu kafin su biya kuɗi.

Bayan haka, kowa ya san halin wutar lantarki a yankinmu. Tun zamanin NEPA, har aka mayar da ita PHCN a 2005, har kamfanin KEDCO ya karɓi rabon wuta a Kano da Katsina da Jigawa a 2013, ƙauyukanmu da dama ba su dogara da ita ba. Mutane sun koma ga ƙaramin janareta da sola. Janareta kan tunkuɗo wuta fiye da kima a lokacin da aka tayar da shi, da kuma lokacin da mai ya kusa ƙarewa yana shaƙewa. Don haka a bari ya daidaita kafin a jona caja, kuma a cire ta kafin a kashe shi. Haka nan idan aka ɗauke wutar gari, a cire caja daga soket, domin dawowar wuta da ƙarfi tana halaka kayan lantarki da yawa. Masu sola kuma su sani cewa inbata mai araha, wadda wutarta ba ta da santsi irin ta gari, tana sa wasu cajoji zafi har su lalace.

Zafi da ƙura

Batirin litiyam ba ya son a yi masa caji a cikin zafi mai tsanani. Kamfanoni da yawa sun ƙayyade kada zafi ya wuce digiri 40 a ma'aunin Salshiyas, mu kuwa a watannin Afrilu da Mayu zafinmu yana kaiwa haka har ya wuce, balle a cikin shago mai rufin kwano. Cajojin kirki suna da ma'aunin zafi, idan batir ya yi zafi sai su ƙi fara caji har ya huce. Da yawa daga cikin masu cewa caja ta lalace wannan ne ya same su. Maganinsa shi ne a ajiye batirin a inuwa rabin sa'a ko fiye bayan an gama aiki, kuma a riƙa yin caji da safe ko bayan la'asar.

A lokacin hunturu kuma ƙura da garin katako suna toshe ƙarafan da batir ke haɗuwa da caja. A cire cajar daga wuta, a goge wurin da busasshen tsumma ko tsohon buroshin haƙori. Kada a sa ruwa, kada a zura ƙusa ko waya.

Idan caja ta ƙi aiki

Kafin a yanke hukunci, a bi matakai daki-daki kamar yadda muke koya wa ɗalibai lissafi. Da farko a gwada soket ɗin da fitila ko rediyo, a tabbata akwai wuta. Sannan a duba igiyar cajar ko ɓera ya ci ta, a kuma duba fiyus da ke cikin filogi mai ƙafa uku, domin sauya shi kuɗi kaɗan ne. Idan fitilar caja ta kama, a tabbata batirin ya zauna daram. Idan tana ƙyaftawa ba yadda ta saba ba, a duba zanen da ke jikin cajar, domin kowane kamfani da ma'anar fitilunsa. Daga nan a ari batirin wani mai irin injin a gwada. In na aron ya ɗauki caji, laifin batir ne, in shi ma ya ƙi, laifin caja ne, sai a kai ta wurin mai gyaran rediyo ya auna da mita.

Ajiya bayan damina

A nan ne manomanmu suka fi yin asara. Ana gama feshin wake, sai a rataye injin da batir a sauke har wata damina. Batir mai dalma idan ya daɗe babu caji, wani farin gishiri yana taruwa a kan farantansa, ya daina riƙe wuta har abada. Hakkinsa shi ne a cika shi bayan kowane aiki, a kuma sake masa caji kamar sau ɗaya a wata a duk tsawon rani. Na litiyam kuwa ya fi son a ajiye shi da rabin caji, a cire shi daga jikin injin, a wuri mai sanyi. Idan aka bar shi ya sauke ƙarƙaf na tsawon watanni, caja za ta ƙi karɓarsa.

Haɗari ga rai

Batirin litiyam da ya kumbura, ko ya fashe, ko yake wari, a daina amfani da shi nan take, domin yana iya kamawa da wuta mai wuyar kashewa. Ko babban kamfani irin Samsung sai da ya janye wayarsa Galaxy Note 7 daga kasuwa a 2016 saboda gobarar batir. Kada a bar caji a kan katifa ko kusa da fetur ko rumbu, kada a kwana ana caji a ɗakin yara, kuma kada a haɗa batir da wayoyi kai tsaye don a tilasta masa ɗaukar wuta. Batir mai dalma kuma kada a fasa shi a cikin gida. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara fiye da 400 suka rasu. Ko da yake a can daga duwatsun zinariya ta fito, dalmar da ke cikin batir ita ce dai wannan guba.

Kira ga ƙungiya

Muna ba da shawarwari uku. Na ɗaya, duk wanda zai aiko da inji ya haɗo da cajarsa ta asali da takardar bayaninsa, kuma in hali ya yi ya ƙara batir na biyu, domin Hausawa sun ce araha ba ta ado. Na biyu, ƙungiya ta ɗauki nauyin matasa kaɗan daga Batsari da Safana su koyi gyaran caja da batir a Katsina ko Kano, su dawo su buɗe shago a gida. Na uku, malamanmu masu ritaya su fassara ƙa'idojin nan zuwa Hausar boko da ajami a takarda guda, a raba a ranakun kasuwa. A wannan lokaci da matsalar tsaro ta hana mutane da yawa noman gonakinsu na nesa wajen dajin Rugu, sana'ar hannu ta zama madogarar gidaje masu yawa, saboda haka bai kamata mu bar kayan aikinta su lalace a kan sakacin da ake iya kauce masa ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a ƙasarmu, Ya albarkaci sana'o'in 'ya'yanmu, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.