Kiɗa a Motar da Ba Ta da Rufi: Yadda Ake Zaɓe da Ɗaura Kayan Sauti a Tsohuwar Mota Mai Buɗaɗɗen Sama

 

Na san akwai mai cewa a ransa, me ya haɗa mu da motar da ake naɗe rufinta, mu da rana ke wuce maki 40 a kanmu cikin watan Afrilu? Yana da hujja. Waɗannan motoci na Turai da Amurka ne, an ƙera su ne domin mutanen da ke marmarin rana. Ko 504 da kamfanin Peugeot ya yi shekaru yana haɗawa a Kaduna, tana da 'yar'uwa mai buɗaɗɗen sama da aka yi daga 1969 zuwa 1983, amma kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya yi mata jiki, ba ta taɓa fitowa daga masana'antar Kaduna ba. Abin da ya sa na zaɓi batun shi ne, da wuya ɗalibi ya sami aikin da ya tara lissafin lantarki da ilimin sauti da riƙon amanar kayan mutane a wuri guda kamar wannan. Wanda ya iya shi, ɗaura rediyo a motar zamani ba zai ba shi wahala ba.

Tarihin ba shi da tsawo. A 1930 kamfanin Paul Galvin na birnin Chicago ya fito da rediyon mota mai suna Motorola, kuɗinsa ya haura dala 100 a lokacin da ake samun sabuwar ƙaramar Ford a wajen dala 500. Blaupunkt ya biyo baya a Jamus a 1932. A 1953 Becker ya kawo samfurinsa Mexico mai lalubo tasha da kansa. Chrysler ma ya gwada sa na'urar faifan garmaho a motocinsa na 1956, abin bai je ko'ina ba. To, motocin da muke magana a kansu, irin su MGB ta Ingila, da Ford Mustang da ta fito a 1964, da samfurin Mercedes SL na 1963, duk 'ya'yan wancan zamani ne: rediyo ɗaya, sifika ɗaya a tsakiyar gaba, shi ke nan.

Kuskuren da kusan kowa ke yi shi ne ya fara da shiga shago ya zaɓi rediyo. Rediyo shi ne na ƙarshe. Farkon aiki shi ne a buɗe bonet a tambayi motar wutar da za ta iya bayarwa.

Bari in ɗauki MGB, wadda aka ƙera a garin Abingdon daga 1962 zuwa 1980. Duk motar da kuka saba gyarawa, kan batir mai alamar ɗebewa ne ake haɗawa da jikin mota. MGB ta kafin ƙarshen 1967 kuwa akasin haka take, kan mai alamar tarawa ne ke manne da jiki. Yawancin motocin Ingila na lokacin haka suke. Idan ka ɗauko rediyon zamani ka ɗaura shi yadda ka saba, kwankwason ƙarfensa ya taɓa dashbod, to hayaƙi za ka gani, in ka yi sa'a fiyus kaɗai ne zai ƙone. Hanya biyu ce. Ko a juya motar gaba ɗaya ta koma tsarin zamani: a juya batir, a sake wa dainamo alƙibla, a musanya wayoyin kwayil, a kuma duba agogon juyin inji da famfon mai, don wasunsu ba sa yarda da juyin. Ko kuma a sa ƙaramar na'urar da ke juya wa rediyon wuta shi kaɗai. Ni na fi son ta farko, domin ta biyu tana barin tarko ga bakaniken da zai zo bayanka.

Wani tarkon shi ne ƙarfin wutar. Tsohuwar MGB batir biyu gare ta masu volt 6 kowanne, an jera su a bayan kujeru su ba da 12. Wannan ba matsala. Amma Volkswagen Beetle mai buɗaɗɗen sama, wadda kamfanin Karmann ya riƙa yi wa jiki a Osnabrück, da volt 6 kacal take aiki har zuwa wajen 1967. Rediyon zamani ba ya tashi da wannan sai an sa masa na'urar ɗaga wuta.

Sai babban lissafin. Dainamon Lucas da ke kan tsohuwar MGB amfiya 22 yake bayarwa iyakar ƙoƙarinsa, kuma idan inji na silo kusan ba ya ba da komai. Manyan fitilu biyu sun cinye wajen amfiya 10. Ƙara ƙananan fitilu, da kwayil, da famfon mai, da waifa in ana ruwa. Me ya rage? Yanzu ka kawo amfilifaya tsohon yayi mai wat 200 na gaskiya. Irinsa kusan rabin wutar da ya sha zafi take zama, don haka idan aka ƙure shi yana iya jan amfiya 25 ko fiye, shi kaɗai ya wuce abin da dainamon ke samarwa. Gaskiya ne kiɗa ba ya jan wannan a kowane lokaci, amma tafiyar dare ɗaya ta isa a wayi gari ana tura mota. Maganin shi ne a sa altaneta, ko a sayi amfilifaya na ajin D wanda ke mayar da sama da kashi 80 cikin ɗari na wutarsa sauti, ko kuwa a haƙura da amfilifayan. Har akwai altaneta da ake ƙerawa cikin siffar dainamo, don kada wanda ya leƙa injin ya ga baƙon abu.

Mu koma kan sauti, inda na fi son ɗalibai su buɗe kunne. A mota mai rufi, ɗakin motar kansa yana taya sifika aiki. Sauti mai kauri, wanda samari ke kira bes, igiyarsa doguwa ce: mai zagaye 50 a daƙiƙa tsawonta ya kusa mita 7, ya fi ɗakin motar. Saboda haka ba ya yawo a ciki, matse iskar ɗakin yake yi yana saki, shi ya sa ake jin sa a ƙirji ko da ƙaramar sifika ce. Da zarar an naɗe rufi wannan kyauta ta tafi. Bambancin kamar na mai kaɗa ganga a cikin soro ne da mai kaɗa ta a filin idi: hannu ɗaya, fata ɗaya, amma amon ba ɗaya ba.

Bayan an rasa wannan, ga iska. A gudun babbar hanya da rufi a naɗe, ƙarar da ke isa kunnen direba tana kai desibel 85 zuwa 90. Kafin kiɗa ya fito sarai sai ya hau kan wannan. A nan ne mai mota zai ce a ƙara masa wat. Ku gaya masa lissafin: ninka ƙarfin amfilifaya sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa, kafin kunne ya ji ƙara ta ninku kuwa sai an ninka ƙarfin wajen sau goma. Sannan hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta sa iyakar awa 8 a desibel 85, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: awa 4 a 88, awa 2 a 91, awa 1 a 94. Wanda ya dage sai ya rinjayi iska da kiɗa, kunnensa ne zai biya, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Hukuncina a nan shi ne a tsara sauti domin tafiyar cikin gari da ta yamma a hankali, a bar wa iska babbar hanya.

Abin da ya fi wat amfani shi ne kusanci da kunne da kuma ingancin sifikar kanta. A jikin kwalin kowace sifikar kirki akwai adadin da ke nuna ƙarar da take bayarwa da wat ɗaya. Mai 90 tana yin aikin mai 87 da rabin wuta. Ga motar da wutarta ta yi ƙaranci, wannan adadi ya fi duk wani "wat 300" da aka buga da manyan baƙaƙe muhimmanci. Haka rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu, abin da yake iya riƙewa na dindindin bai cika wuce 20 a kowace kafa ba.

Ina za a sa sifikun? Masu ƙera motoci sun daɗe da gano amsar. Pontiac Fiero ta 1984 da Mazda MX-5 ta 1989 sun zo da sifika a cikin matashin kai na kujera, daf da kunne. A tsohuwar mota ba za mu farke kujerar asali ba, amma za mu iya bin dabarar: ƙananan akwatuna a bayan kujeru waɗanda ake iya cirewa, ko sifiku a bangon da ke gefen ƙafa, a kan allon katako ko roba da aka yanka daidai wurin, na asalin kuma a adana shi. Ramin sifikar tsakiya ma ba a bar shi banza ba, akwai sifika mai kwayil biyu da ke karɓar ɓangaren dama da na hagu a rami ɗaya. Bes kuwa, siririn akwati a ƙarƙashin kujera ko bayanta ya fi ƙaton akwati a but, wanda a motoci da yawa ƙarfe da naɗaɗɗen rufi sun tare tsakaninsa da kunne. Kuma a sayi sifika irin ta jiragen ruwa, mai fuskar roba da bakin roba. Ta takarda mai bakin soso ba ta jure rana da raɓa, balle ƙurar hunturu irin tamu.

Ƙofa fa? Kada a taɓa ta. Na sha ganin ƙofofin da aka huda da almakashin ƙarfe don a cusa sifika, ruwa ya bi ramin, tsatsa ta cinye gindin ƙofar.

Yanzu sai rediyon. Ramin da muka sani a yau, mai faɗin milimita 180 da tsayin 50, ma'aunin Jamus ne da ya zama na duniya a 1984. Yawancin tsofaffin motoci ƙaramar taga gare su a tsakiya da huda biyu a gefe, inda sandunan murɗawa ke fitowa. Rediyon zamani ba ya shiga sai an yanka dashbod, kuma dashbod ɗin yawancinsu ƙarfe ne mai fenti, wani ma haɗe yake da jikin motar. Minti biyar na zarto yana zubar da darajar da walda ba ta mayarwa. Alhali ba a rasa mafita ba. Kamfanoni irin su RetroSound suna yin rediyo mai fuskar da, da sanduna biyu masu matsawa, a cikinsa kuma akwai Bluetooth. Blaupunkt ya sake fito da samfurinsa Bremen na shekarun 1980 da kayan ciki na zamani. Ana kuma iya gyara na asalin a fitar masa da kafar da waya za ta shiga. Ko a bar shi a mazauninsa, a ɓoye ƙaramin amfilifaya mai Bluetooth a ƙarƙashin dashbod, a riƙa sarrafa shi da wayar hannu. Wannan ta ƙarshe tana da wata fa'ida: rufin tamfol wuƙa ɗaya ce tsakaninsa da ɓarawo, abin da bai gani ba kuwa ba zai farka rufi dominsa ba.

In za a riƙe na asali, a kula da abu biyu. Wasu tsofaffin rediyoyi da sifika mai om 8 ko 10 aka tsara su, ta zamani mai om 4 tana iya ƙona su. Sannan FM ɗin tsofaffin na Turai da yawa a 104 yake tsayawa, tashoshin da ke sama da nan ba za a kama su ba. A gefe guda kuma, wasu samfuran Becker suna da gajeren zango, wanda a kansa iyayenmu suka saba sauraron Sashen Hausa na BBC tun da aka buɗe shi a 1957. Wanda ya sami irin wannan a mota ya cire ya jefar, bai san abin da ya yar ba.

Saura wayarin, kuma nan ne mota ke kamawa da wuta. Tsohuwar MGB fiyus biyu kacal gare ta, wayoyinta kuma sun haura shekara hamsin, robarsu ta bushe. Kada a rataya musu sabon kaya. A ja sabuwar waya mai kauri daga batir, a sa fiyus kusa da kan batir ɗin, kada ya wuce santimita 45, domin aikinsa kare wayar ne tun daga tushe. Duk inda za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, kuma a bi hudar da ke nan tun asali. A yi amfani da rile domin kayan su mutu idan an zare makulli. Wayar da ke komawa jiki ta zama gajera, a kan ƙarfen da aka kankare. In an ji kuka mai tashi da sauka tare da totur, daga dainamo ko altaneta ne, ko kuwa haɗin jikin bai kama ba. In tas-tas ne mai bin bugun inji, daga fulogi ne, a sa masu hana tsangwama da kwandensa a kan kwayil. A raba hanyar wayar sauti da ta wuta. Haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif ba aiki ba ne, a matse shi da abin matsewa ko a yi masa dalma.

Roƙona ga 'yan'uwa masu wayarin da ɗaliban da za su gaje su: idan irin wannan mota ta shigo hannunku, ku ɗauki hoton komai kafin ku kwance ko da kusa ɗaya. Ku zana taswirar wayoyin da kuka ƙara ku miƙa wa mai ita. Tsohon rediyo, da sifikarsa, da allunan da kuka cire, ku sa su a kwali ku rubuta sunan motar a kai, ku ba shi ya adana. In ya matsa sai an yanka dashbod, ku nuna masa sauran hanyoyin, in ya ƙi ji ku ce ya kai wani garejin.