Daren Da Mutum Dubu Suka Bi Sanda Ɗaya



Ranar 12 ga Satumba 1910, a birnin Munich na ƙasar Jamus, mai tsara kiɗa Gustav Mahler ya tsaya gaban makaɗa da mawaƙa kimanin dubu ɗaya domin gabatar da babban kiɗan da ya tsara, wato simfoninsa na takwas, karo na farko. Akwai masu goge da masu busa da masu ganguna, ga manyan mawaƙa takwas da ke rera nasu su kaɗai, ga kuma ɗaruruwan yara a jere. Emil Gutmann, wanda ya shirya taron, shi ya yi wa kiɗan laƙabin "na mutum dubu" don jawo 'yan kallo, Mahler kuwa bai so sunan ba.

Kashi biyu aka yi wa aikin: tsohuwar waƙar addu'a cikin Latin, sai ƙarshen wasan kwaikwayon Faust na marubuci Goethe cikin Jamusanci. Kusan minti 80 ake yi ana bugawa. Abin mamakin ba yawan jama'ar ba ne, a'a, yadda suke yin ƙasa da murya ne. Kusa da ƙarshe, duk wannan taro yakan rera a hankali kamar raɗa, kowa idonsa na kan hannun jagora, kafin sautin ya tashi ya cika zauren.

Wata takwas bayan wannan dare, Mahler ya rasu a Vienna, a Mayun 1911. Duk wanda ya samu dama, ya saurari wannan kiɗa daga farko har ƙarshe. Ya cancanci lokacinku.