Adar da Majiya: damina ta sauya hali, mu fa?

Jawabin da ɗaya daga cikin marubutan jaridar nan ya gabatar a Madawa, gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati na gundumomin Madawa, Buza da Keita. Ga shi kamar yadda aka karanta shi.



An nemi in yi magana a kan yadda jama'armu take ɗaukar abin da masana ke kira sauyin yanayi. Tun farko bari in kawar da wata magana da ake yawan maimaitawa a ofisoshin Yamai, wai talakan karkara bai san da zancen ba, sai an zo an wayar masa da kai. Mai ɗaki shi ya san inda ɗakinsa yake yoyo. Manomin Tamaske ko na Karofan zai lissafa maka abin da ya gani da idonsa: shukar fari da ke ƙonewa har sai an yi ta biyu ko ta uku; ruwan da ke ɗaukewa mako biyu ana tsakiyar damina, sa'an nan ya zubo dare ɗaya kamar da bakin ƙwarya; ƙoramar da yaro ke tsallakewa a da, yau ta cinye rabin gona; zafin bazara da ke ruɓar da albasa cikin rudu tun farashi bai tashi ba. Gani dai kowa ya gani. Inda muka rarrabu shi ne fassarar abin da muka gani, da kuma wanda nauyin gyara ya rataya a wuyansa.

Ga abin da bincike ya tabbatar, a taƙaice. Tun da ƙasashe masu masana'antu suka shiga ƙona kwal da man fetur, iskar kabon da ke sararin sama ta tashi daga kashi 280 cikin miliyan zuwa sama da 420. Iskar nan tana riƙe zafin rana kamar yadda bargo ke riƙe zafin jiki. A shekarar 2024 zafin duniya ya zarce na kafin zamanin masana'antu da kusan digiri ɗaya da rabi, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan. A nan yankinmu, hamadar Sahara tana ƙara zafi fiye da ƙasashen kurmi da ke kudu da mu, bambancin nan kuwa yana ƙara wa hadari ƙarfi. Wani bincike da mujallar kimiyya ta Nature ta buga a 2017, bisa hotunan tauraron ɗan adam, ya nuna manyan hadura masu ruwa da iska sun ninka sau uku a Sahel tun daga 1982. Watau ruwan da muka rasa a shekarun fari ya ɗan dawo, amma ya dawo da wani hali. A ƙasar da ruwanta bai cika wuce milimita 500 a shekara ba, idan kaso mai yawa ya sauka cikin dare biyu ko uku a kan dutse da fako, gangarawa yake yi, ya tafi da ƙasar noma.

To, me muke cewa game da wannan? A kasuwa, a tasha da ofis, ra'ayi uku nake ji.

Na farko shi ne: ikon Allah ne. Babu musulmin da zai yi jayayya da wannan, ga malamanmu nan sun fi ni sani. Sai dai ƙissar Annabi Yusufu, alaihis salam, ta koya mana cewa sanin fari na tafe dalili ne na cika rumbu tun cikin shekarun wadata. Kakanninmu da suka tsira daga yunwar Kakalaba ta 1913 da 1914 ba su fi mu ƙarancin imani ba, amma sun riƙe al'adar rumbun tsimi, wanda ba a buɗewa sai rana ta ɓaci. Wasu kuma suna cewa laifuffukanmu ne suka hana ruwa albarka. Na yarda, in dai za mu sa sare gawon ƙarshe da ke gona, da nome burtalin dabbobi, da sayar da filin da ke kan hanyar ruwa, cikin jerin laifuffukan.

Ra'ayi na biyu namu ne, mu da muka yi boko: laifin ƙasashe masu arziki ne, su biya. Akwai gaskiya a nan ma. Afirka baki ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na hayaƙin da ke ɗumama duniya. A taron Kopenhagen na 2009 an yi alkawarin dalar Amurka miliyan dubu ɗari kowace shekara kafin 2020, wa'adin ya cika ba a cika alkawarin ba. Sai a 2022, a Masar, aka amince da kafa asusun biyan asara. Hakkinmu ne mu nema, da babbar murya kuwa. Amma ƙorama ba ta jiran ƙarshen taro. Kuma idan ra'ayin nan ya sauko ƙauye, sunansa jiran furoje: shingen dutse ya karye, kowa ya wuce shi, ana cewa masu shi za su dawo.

Ra'ayi na uku ba a cika furta shi ba, amma shi ya fi haɗari: fari ya wuce, tunda ga ruwa. Tsoronmu duka na fari ne, kuma da dalili. Farin 1973 na cikin abubuwan da suka kawo ƙarshen mulkin Jori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Yunwar 1984, wadda jama'a suka raɗa wa El-Buhari domin ta zo daidai da rufe iyakar Nijeriya, alhazan da ke zaune nan sun san abin da ta yi wa fatauci. Na 2005 da na 2010 ma ba mu manta ba. Saboda haka muka ɗauka duk shekarar da aka yi ruwa an tsira. Daminar 2024 ta gyara mana lissafi. Ambaliya ta kashe mutane sama da 300 a Nijar, ta taɓa sama da miliyan ɗaya, ta rushe tsohon masallacin Damagaram, har aka ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Yanzu fari da ambaliya suna iya haɗuwa cikin damina ɗaya, a gona ɗaya.

Jama'a, in da a wata ƙasa nake magana, da sai in nemo misali daga nesa. A nan kuwa misalin yana bakin ƙofa. A 1975, a kwarin Majiya cikin ƙasar Buza, manoma da ma'aikatan gandun daji, da taimakon ƙungiyar CARE, suka fara dasa dogon yaro layi biyu-biyu, tsakanin shinge da shinge mita ɗari, don karya iskar da ke bizne shuka da rairayi. Shingayen suka kai ɗaruruwan kilomita, hatsin da ke bayansu ya ƙaru, aka kuma samu itacen gini da na girki. A watan Mayu na 1984, zamanin Seyni Kunce, aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada. A shekarar nan kuma aka buɗe furojen Keita, da kuɗin ƙasar Italiya, da hukumar FAO, da cimakar da hukumar PAM take biyan masu aiki da ita. Daga baya aikin ya bazu zuwa Buza da Abalak. Cikin kusan shekara ashirin an farfaɗo da hekta sama da 30,000, an dasa itatuwa wajen miliyan 18, an haƙa ramuka a jikin duwatsu, an yi madatsu a ƙoramu. Su wa suka ɗauki dutsen a ka? Mafi yawansu mata ne, domin maza sun tafi bida Abijan da Legas. Matan Adar sun riga masu manyan digiri nuna wa duniya cewa fako yana komawa gona.

Darasi na biyu ya fi na farko ɗaci. Bayan kuɗin baƙi sun ƙare, wasu madatsun sun cika da yashi, wasu shingayen sun karye, babu mai gyara, domin a idon jama'a kayan furoje ne. Ku kwatanta da abin da ya faru a jahohin Maraɗi da Damagaram, inda manoma suka riƙa barin tohon itace a gonakinsu suna yi masa sassabe: an ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200, ba tare da wani babban kuɗi ba. Ku duba kuma ramukan tassa, waɗanda manoman Illela suka gano a Yatenga ta Burkina Faso wajen 1989. Dabarar ta bi gona-gona da kanta, har fakon da ba mai so ya zama abin saye da sayarwa. Me ya bambanta su? Mallaka. Dokar gandun daji ta 1974 ta sa manomi yana kallon gawon gonarsa kamar tarkon tara, gara ya tuge shi tun yana ƙarami. Da aka sassauta, aka yi dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, aka kuma yi dokar 30 ga Yuli 2020 da ta tabbatar wa manomi hakki a kan itacen da ya raina, sai hali ya sauya. Kayan aro ba ya rufe katara. Mutum yana tsaron abin da ya tabbata nasa ne, kuma ɗansa zai gada.

Kada kuma mu ɗora wa sama abin da ke ƙasa. A 1960 mutanen Nijar ba su kai miliyan huɗu ba. Ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan 17. Gona ba ta hutawa, makiyaya ta ƙuntata, burtali ya tsuke. A watan Nuwamba na 2016, a Bangi, nan cikin gundumar Madawa, rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan mutane kusan 20. Rana ba ta ɗauki makami ba ranar nan. Amma duk damina mai gardama tana ƙara kusantar da garke da gona, kuma inda babu iyaka sananniya da alƙali mai adalci, ƙaramar ɓarna tana zama makoki.

Yanzu bari in juyo gare ku, domin mutanen da ke cikin ɗakin nan su ne masu kuɗi da masu hatimi na ƙasar nan.

Alhazai, arzikinku daga fadama yake. Albasar da kuke lodi zuwa Akara da Abijan ruwan gulbin Tarka ne a cikin buhu. Ruwan nan na ƙarƙashin ƙasa damina ce ke mayar da shi, in an tare ta a kan tudu ta nutse. Injunan ban ruwa kuwa kullum ƙaruwa suke. Wa ke auna zurfin rijiyoyi shekara-shekara? Ina ba da shawara ƙungiyoyinku su ware wani abu kaɗan a kan kowane buhu, a ajiye shi don yashe madatsu da gyaran shingayen dutse, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Wannan jari ne, kamar gyaran mota. Sa'an nan maganar hatsi. Wanda ya ba manomi bashi da bazara, ya karɓi dami da kaka a rabin kuɗinsa, ya sake sayar masa da tiya ninki biyu da damina, ya ci riba bana, amma ya kori mai sayen hajarsa zuwa Libiya baɗi. Ku tallafi bankunan cimaka na ƙauyuka. Masu safarar itace kuma, ku tambayi kanku daga wane dutse motarku take saukowa, da kuma wace mace ta dasa abin da ke cikinta.

Ƴan uwana ma'aikata, namu laifin a kan takarda yake. Kada a sake sa hannu a raba filin gini a kan hanyar ruwa, ko wa ya nema. Kowace shekara kafin damina, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai da ma'aikatar hasashen yanayi ta ƙasa suna fitar da hasashe. In ya kwana cikin kabad da Faransanci bai amfani kowa ba. A kai shi gidajen rediyon karkara da Hausa, da Buzanci, da Fulatanci, tun manomi bai zaɓi iri ba. Kwamitocin filaye da dokar 1993 ta tanada su ba talaka takardar gonarsa ba tare da jeka-ka-dawo ba, su kuma kafa alamun burtali tun kafin kaka. Tun 1975 muke dashen itace ranar 3 ga Agusta, muna ba da rahoton adadin da aka dasa. Daga bana a riƙa ba da rahoton adadin da ya rayu bayan shekara biyu. Kuma duk wani sabon aiki da za a kawo, tun ranar aza dutsen farko a rubuta na wa ne, wa zai gyara, da wane kuɗi. Tun ran gini, tun ran zane.

Mu ƴan jarida ma da namu rabon. Mun saba zuwa ranar buɗe aiki, mu ɗauki hoton manya, mu koma. Kamata ya yi mu koma bayan shekara biyar mu ga ko aikin yana nan. Duk mai neman shugabancin jama'a a ƙasar nan, a kowane mataki, mu tambaye shi madatsa nawa zai yashe, mu rubuta amsarsa, mu ajiye.

A ƙarshe, hayaƙin da ke ɗumama duniya ba daga Garhanga ko Sabon Gida yake tashi ba, kuma ba za a kashe wutarsa daga nan ba. Amma ko ɗigon da ya sauka a kan dutsen Adar zai nutse ya zama ruwan rijiya, ko zai gangara ya rushe gidan wani, wannan a hannunmu yake. Iyayenmu mata sun yi aikin da kwando da guduma, suna jin yunwa. Abin da ya rage mana shi ne riƙo, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kare mu daga sharrin fari da na ambaliya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.