Almakashin da ke Cikin Ƙwayar Daddawa

Jawabi ga masu sayar da abinci da mahauta na Gwarinpa



Daddawar da ake sayarwa a kasuwar Gwarinpa aikin wata ƙwaya ce wadda ido ba ya gani, masana suna kiranta Bacillus subtilis. Ita ce ke ruɓar da kalwa har ta yi ƙamshin da aka san ta da shi. Ba ta cutar da mutum, amma tana da miyagun 'yan'uwa, kuma dabararsu ɗaya ce.

Idan abinci ya ƙare mata, sai ta raba cikinta gida biyu, babba da ƙarami, kamar uwa da ɗa. Uwar takan haɗiye ɗan, ta gina masa ƙwanso mai tauri, sa'an nan ta fashe ta mutu. Aikin yakan ci kamar awa 8.

Umarnin kowane mataki yana rubuce cikin ƙwayoyin gadonta, a kulle, kuma wasu furotin ne mabuɗansa. Uwar takan ƙera mabuɗi tun da wuri, amma da wani ɗan guntu a bakinsa wanda ke hana shi aiki. Mabuɗinta na farko shi ne sigma-E, na ƙarshe kuwa sigma-K, wanda ke buɗe yawancin umarnin ginin ƙwanso. Kowannensu yana da sinadarin da ke datse masa guntun, wato almakashinsa, wanda ke zaune a jikin bangon da ya raba uwa da ɗa. Almakashin nan ba ya yanka sai ɗan ya aiko saƙo cewa ya shirya. A 1990 masana a Jami'ar Harvard ta Amurka sun cire wa sigma-K guntunsa tun daga farko, sai ya fara aiki kafin lokacinsa, 'ya'yan da suka kammalu suka ragu. Ashe jinkirin ma yana cikin aikin.

Ƙwanson da aka gina da irin wannan tsari ba ya jin tafasa. Sai tururi mai zafin digiri 121 na minti 15, irin wanda asibitoci ke tsabtace kayan aiki da shi, yake kashe shi tabbas.

Nan ne maganar ta shafi tukunya. 'Ya'yan Bacillus cereus sukan tsira a cikin dafaffiyar shinkafa. Idan ta huce ta wuni a kula, sai su farka su hayayyafa, su zuba dafin da ke sa amai, wanda ɗumame ba ya karya shi. Saboda haka a sayar da ita da zafinta, ragowar kuma a sa a firji da gaggawa.

Mahauta kuwa su tuna da cutar saifa da aka tabbatar a wata gona a Suleja cikin Yulin 2023. Ƙwayarta takan yi ƙwanso idan jinin dabbar ya sha iska, kuma takan shekara goma-goma a ƙasa tana jira. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko dubura, kada a yanka ta, kada a feɗe ta. A kira likitan dabbobi.